Kawar Teku a Cikin Ganuwa: Abin da Ke Jiran Mai Son Kiwonta a Birnin Kano

Duk wanda ya ratsa Kasuwar Kurmi ta wajen masu kayan ƙamshi da 'yan koli, ya taɓa kayan teku da hannunsa, ko ya sani ko bai sani ba. Farcen nan da mata ke wankewa su soya don haɗa humra da turaren wuta, murfin bakin wani dodon-koɗi ne da ake kamowa a Bahar Maliya da tekunan da ke maƙwabtaka da ita. Murjani na asali, wanda iyayenmu mata ke ɓoyewa a adaka saboda auren 'ya, ƙashin wata halitta ce da ke tsirowa a ƙarƙashin ruwan gishiri. Ga kuma wuri. Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, wuri ya shigo ƙasar Hausa, asalinsa kuwa tsibiran Maldibs ne, can tsakiyar Tekun Indiya. Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana canjin dalar azurfa guda a kan wuri 2,500.

Sai dai duk waɗannan a mace suke iso mana. Ɓawo ba ya jin zafin Afrilu, ba ruwansa da an kawo wuta ko an ɗauke. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata sabuwar sha'awa da ke tasowa. Akwatin gilashi mai kifin ado ya daina zama baƙon abu a otal-otal da falon masu hali, kuma matasan da ke kallon YouTube da TikTok sun fara hango mataki na gaba, wato akwatin ruwan gishiri mai murjani rayayye, da kuma abin da ya fi komai ɗaukar ido a cikinsa: babbar kawar teku da masana ke kira Tridacna. Bidiyo yana nuna kyanta. Ɗawainiyar da ke bayan wannan kyau ce ba ya nunawa, kuma a cikin birnin Kano ɗawainiyar ta ninka ta wurare da dama.

Abincinta haske ne

Kawa dabba ce mai ɓawo biyu masu buɗewa da rufewa, 'yar uwar makankarin da yara ke tsinta a bakin kogi idan ruwa ya janye. Amma ta teku ta sha bamban da tamu. Bakin ɓawonta sama yake kallo. Idan gari ya waye sai ta buɗe, ta baza wani lallausan mayafin nama a kan gefen ɓawon, shuɗi ko kore ko ruwan zinariya, da ɗigo-ɗigo da zane wanda da wuya ka sami biyu iri ɗaya. A cikin wannan mayafi akwai miliyoyin ƙananan tsirrai masu ƙwayar halitta ɗaya, dangin gansakuka. Su ne ke karɓar hasken rana su haɗa sukari, kawar ta ci daga ciki, ita kuma ta ba su masauki da takin da jikinta ke fitarwa. Tana tace ruwa ta sami ɗan abin da ke yawo a ciki, amma da zarar ta tasa, mafi yawan ƙarfinta daga haske yake zuwa. A gefen mayafin akwai ɗimbin ƙananan idanu. Ba sa gane sura, amma suna gane inuwa: gifta hannunka ta samanta, za ka ga ta zabura ta ja mayafin ciki, bayan ɗan lokaci ta sake bazawa.

Nau'o'inta sun kai goma sha wani abu. Babbarsu, gigas, takan wuce mita guda a tsawo, nauyinta ya haura kilo 200. Waɗanda aka fi sakawa a akwati huɗu ne. Crocea ita ce ƙarama, ba ta cika wuce santimita 15 ba, kuma cikin dutse take huda mazauninta. Maxima ita ce mai shuɗin da ke ruɗar mai saye. Waɗannan biyu a ruwa marar zurfi suke zama, don haka hasken da suke nema mai tsanani ne. Squamosa da derasa sun fi haƙuri da matsakaicin haske, sai dai derasa takan kai santimita 60, wanda ke nufin wata rana akwatin zai yi mata kaɗan. Dukansu idan sun sami kulawa shekaru gommai suke yi a raye.

Babu wannan kawa a Tekun Atlantika ko guda. Je ka Legas, je ka Kwatano, ba za ka same ta a gaɓa ba. Gidanta daga gabashin Afirka ne zuwa tsibiran Pasifik, kuma inda ta fi kusa da Bahaushe shi ne Bahar Maliya. Kakanninmu da suka taka sayyada zuwa aikin Hajji ta Barno da Wadai da Darfur, suka shiga jirgin ruwa a Sawakin zuwa Jidda, ta kan duwatsun murjanin da take zaune a kai suka ratsa. Har gobe akwai Hausawa a Fot Sudan, kusa da yankin Sanganeb da Dungonab da hukumar UNESCO ta saka cikin wuraren gadon duniya a 2016 saboda murjaninsa. Wanda ya leƙa irin wannan ruwa zai ga abu uku: garau yake, rana tana dukansa ba tsangwama, sannan yawansa ya sa zafinsa da gishirinsa ba sa tsalle tsakanin yau da gobe. Wannan na ukun shi ne ƙashin bayan maganar. Mai kiwo yana ƙoƙarin ya kwaikwayi natsuwar teku ne a cikin lita 300 na ruwa.

Wuta da zafi

Mu fara da abin da kowane Bakano ya riga ya hango. Akwatin ruwan gishiri yana da famfo mai zagaya ruwa, da injin kaɗa ruwa, da na'urar cire ƙazanta ta hanyar kumfa, da fitila mai ƙarfi da za ta yi awa takwas zuwa goma a kunne kullum. Idan wuta ta ɗauke, kawa za ta iya jure kwana biyu ko uku ba haske. Tsayuwar ruwa ce ba a jurewa. Iskar da ke narke a cikinsa takan ragu cikin 'yan awoyi, kuma ruwa mai ɗumi ya fi saurin rasa ta. Kifi su fara haki a sama, ƙwayoyin halittar da ke tsabtace ruwan su fara mutuwa, daga nan komai ya bi.

A watan Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, Kano da maƙwabtanta sun kwashe fiye da mako guda cikin duhu. Duk mai shirin kiwon kawa ya zauna ya yi lissafi da irin wannan mako. Idan sola da batir da inbatarsa ba za su riƙe akwatin dare da rana ba tare da wutar gwamnati ba, to shirinsa bai kammala ba. Janareto taimako ne na ɗan lokaci, ba wanda zai bar shi yana ruri har asuba a lungun da katangar maƙwabci ke manne da tasa. A tsara layin wuta yadda idan batir ya yi ƙasa, fitila ce za ta fara mutuwa, sai na'urar sanyaya ruwa, famfo ya zama na ƙarshe.

Zafi kuwa ya fi wuta wuyar sha'ani. Kawa tana son ruwa tsakanin digiri 25 zuwa 27. A Kano daga Maris zuwa Mayu ma'auni yakan taɓa 40, wani lokaci ya wuce, kuma ɗaki mai rufin kwano yakan riƙe zafin har tsakar dare. Idan ruwan akwati ya haura 30 ya daɗe a haka, kawar takan rabu da tsirran da ke ciyar da ita. Mayafin ya koɗe, ya yi fari, sai yunwa ta ƙarasa ta sannu a hankali alhali fitila tana kunne a kanta. Fanka da ke hura saman ruwa takan sauke digiri ɗaya zuwa uku a busasshiyar iskarmu, amma a tsakiyar bazara ba ta isa, dole sai da na'urar sanyaya ruwa, ita kuwa cin wuta gare ta. Sannan idan hunturu ya shigo a Disamba da Janairu, sanyin asuba yakan sauko ƙasa da digiri 15, sai kuma a koma neman hita. A shekara ɗaya, akwati ɗaya yana bukatar kariya daga ɓangarori biyu.

A nan tsohon gini yana da wata falala da ya kamata a faɗa. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango da rufin azara, irin wanda har yanzu ake samu a Dala da Yakasai da Mandawari, ya fi ɗakin bulo da kwano riƙe sanyi da rana da ɗumi da dare, kuma wannan daidaito shi ake nema. Amma a ajiye akwatin a ƙasa, kan daɓe mai ƙarfi. Lita 300 na ruwa tare da gilashi da duwatsu da yashi sun doshi kilo 400, ba kayan da za a ɗora a kan benen azara ba ne. Kada kuma a ce tunda Allah ya hore mana rana bari a jingina shi da taga. Ranar Kano haske da zafi take kawowa tare, ga gansakuka da za ta rufe gilashin. Fitilar LED da aka ƙera musamman don murjani ita ce mafita, a riƙa goge ta, domin ƙurar hunturu da ɓurɓushin gishiri suna rage mata haske ba tare da ido ya lura ba.

Ruwa da gishiri

Ruwan rijiyar cikin birni ba ya shiga wannan akwati. Wani zartsi ne, wani kuma rijiyar tana kusa da masai, sinadarin naitiret ya yi masa yawa. Ruwan famfo yana da kulorin. Ruwan 'yan ga-ruwa kuwa ba ka san me jarkar ta taɓa ɗauka ba kafin ta zama ta ruwa. Abin da ake bukata shi ne ruwan da aka tace da na'urar RO, irin wadda wasu masu fiya-wata ke amfani da ita, a ƙara masa matata ta biyu mai cire ragowar sinadarai, har ɗan ma'aunin da ake tsomawa ya nuna sifili ko kusa da shi.

Gishirin ma nasa daban ne. Na miya ba ya yi, kantun Bilma ba ya yi, manda ba ta yi. Ruwan teku ya ƙunshi kalsiyam da maganiziyam da fotasiyam da wasu sinadarai masu yawa a kan wani ƙayyadadden kaso, saboda haka gishirin da aka haɗa a masana'anta don akwatin murjani ake saye, daga waje kuma yake zuwa. Kusan giram 35 ake so a kowace lita, wato cikon farko na akwati mai lita 300 zai ci kimanin kilo 11. Bayan haka duk mako ɗaya ko biyu a kwashe kashi goma cikin ɗari a zuba sabo. Wanda bai tabbatar da hanyar samun gishirin nan a kai a kai ba, ya dakata tukuna.

Akwai wani kuskure da iskarmu ke saurin jefa sabon shiga a ciki. Da rani akwati yakan rasa lita da dama kullum ta hanyar tururi. Ruwan ne ke tashi, gishirin yana nan. Idan aka cike giɓin da ruwan gishiri, kullum ƙara kauri yake yi har ya kashe abin da ke ciki. Da tataccen ruwa zalla ake cikawa, kaɗan-kaɗan, kullum.

Kawa da kalsiyam take gina ɓawonta, kuma ƙarama mai tasowa takan zuƙe shi da sauri har mai akwati ya yi mamaki. Ana so kalsiyam ya zauna tsakanin 400 zuwa 450, maganiziyam wajen 1,300, alkaliniti tsakanin 8 zuwa 9 a ma'aunin dKH, sannan pH ya tsaya daga 8.1 zuwa 8.4. Naitiret da fosfet kada su yi yawa, kada kuma su ƙare ƙaf, domin tsirran jikinta da su suke rayuwa. Duk mako sai an auna. Wanda ya taɓa zama a marinar Ƙofar Mata zai gane irin wannan aiki. Marini yakan haɗa baba da toka da katsi, ya jira rijiyar ta nuna, kullum yana duba kumfarta da launinta, kuma ba ya tsoma zanen mutane a rinin da bai kai ba. Haka akwatin ruwan gishiri yake. Sai ya yi wata shida, gara ma shekara, yana tafiya da kifi da murjani masu sauƙi, alƙaluman awonsa sun zauna wuri ɗaya, kafin a kawo masa kawa.

Ga wasu abubuwa kuma na cikin gidajenmu da littattafan Turawa ba za su ambata maka ba. Fiya-fiya da ake yayyafawa saboda sauro da kyankyaso guba ce ga duk abin da ke cikin akwatin, haka maganin feshi da na kunnawa. Ɗakin da ake turara kasko safe da yamma bai dace ba, domin na'urar kumfa iskar ɗakin take zuƙa tana cusawa cikin ruwa. Hannun da aka shafa wa mai ko turare, ko aka wanke da omo, ba ya shiga ruwan sai an ɗauraye shi sosai. Tagulla kuwa, ko ta maganin kifi ko ta kan famfo, ɗan kaɗan ya isa ya kashe kawa. A gidan da yara ke kai da komo, a sa wa akwatin murfin raga, a kuma ja musu kunne kada a jefa kwabo ko a zuba tsaki.

Wajen saye

Kafin a yi maganar launi, a yi maganar takarda. Tun 1985 dukkan nau'o'in wannan kawa suna cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido kan cinikin halittun da ke fuskantar barazana, kuma Nijeriya tana cikin yarjejeniyar tun shekarun 1970. Ma'ana, ba a fitar da ita daga ƙasarta sai da izini a rubuce. Dalilin a fili yake. An kwashe ta saboda nama da ɓawo har ta ɓace a wurare da yawa. A Afrilun 2021 hukumomin Filifin sun kama kimanin tan 200 na ɓawonta a Palawan, wanda aka ƙiyasta kuɗinsa a kan dala miliyan 25. A 2024 ƙungiyar kare halittu ta IUCN ta saka gigas cikin halittun da ke dab da ƙarewa.

Abin farin ciki shi ne ana kiwonta. A tsibiran Palau, tun shekarun 1980 aka gano yadda za a ƙyanƙyashe derasa da yawa a tankunan bakin teku, kuma a Bolinao ta ƙasar Filifin marigayi Farfesa Edgardo Gomez da abokan aikinsa sun shafe shekaru suna renon gigas suna mayar da ita teku. Kawar gona ta fi ta daji jure zaman akwati, kuma sayenta bai rage komai a teku ba. A ganina duk Bakanon da zai yi oda, ya tambayi dillali daga wace gona ta fito, ya nemi ganin takardar. Idan aka fara yi masa kwana-kwana, ya riƙe kuɗinsa.

Kada a ɗauki 'yar mitsitsiya don ta fi araha. Wadda ba ta kai santimita biyar ba ta fi saurin mutuwa, musamman bayan doguwar tafiya a leda daga wata nahiya zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano. Mai santimita bakwai zuwa goma ta fi. A gifta mata hannu a ga ta zabura. A leƙa ƙarƙashin mayafin, a bakin ɓawon: idan akwai sabon layi fari tas, alamar tana girma ce. Idan ɓawon ya wangale, mayafin ya janye ciki, bakin shan ruwanta ya buɗe ya saki, wannan ta kama hanya, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. A juya ta a duba ƙasanta, inda take fitar da wasu zaruruwa tana kama dutse da su. Ba a fizgar kawa daga inda ta kama. Idan dole sai an ɗaga ta, da reza ake yanke zaren dab da dutsen, domin idan naman wurin ya yage da wuya ta tashi.

In ta iso gida, a yi kamar awa guda ana ɗiga mata ruwan akwati a cikin nata har ta saba. A goge ɓawon da tsohon buroshin haƙori, a zaunar da ita a miƙe kan faffaɗan dutse, inda ruwa ke kaɗawa a hankali ba ya naɗe mata mayafi. A fara da ita daga ƙasa, a riƙa matso da ita kusa da fitila cikin makonni. Idan ta sami inda take so za ta kama da kanta, daga nan a ƙyale ta. Yawan ɗagawa da sauyin wuri yana cikin abubuwan da ke kashe ta.

Babban maƙiyinta ɗan ƙaramin dodon-koɗi ne fari, tsawonsa 'yan milimita kaɗan, wanda ke ɓuya a ƙasan ɓawo da rana, da dare ya hau ya tsotse ta. Sai an kashe fitila da kamar awa biyu, a zo da tocila a haska gefen ɓawon, sannan za a gan shi. A cire shi da hannu, a goge ƙwansa, a maimaita har sai an daina gani. Akwai kuma wata cuta da ke sa gefen mayafin ya tattare ya ƙi bazuwa, tana kuma yaɗuwa daga kawa zuwa kawa, shi ya sa ake ware sabuwa a wani ƙaramin akwati na wasu makonni. Wasu kifayen ado masu kyan gani ma sukan riƙa yagar mayafin har ta daina buɗewa, ita kuwa in ba ta buɗe ba ba ta ci ba. A tambaya kafin a haɗa su. Idan kuma ƙaddara ta faɗa ta mutu, a cire ta nan take, don cikin 'yan awoyi za ta ɓata ruwan gaba ɗaya.

Ba na cikin masu cewa abin ba zai yiwu a Kano ba. Garin da matasa ke kiwon tarwada a tankin roba a tsakar gida, suke haɗa sola da hannunsu, ba a rasa masu basirar da za su iya. Abin da nake tsoro shi ne mai kuɗin da zai saya don baƙi su gani, ya bar wa yaron gida, bayan wata biyu a zubar da ɓawo a bola a sake yin oda. Malamanmu sun sha ja mana kunne a kan haƙƙin dabbar da aka tsare aka hana ta neman abincinta, ita kuwa wannan ko kuka ba ta iya yi, ba ta kuma iya fita daga inda aka tsare ta.

Don haka ɗan'uwa mai sha'awa, fara da kifin ruwan daɗi ka ga yadda za ka kwashe da bazara guda. In ka tsallake, kafa na ruwan gishiri, ka sayi littafi kana rubuta zafi da gishiri da alkaliniti duk mako, tun daga hunturu har faɗuwar damina. Idan shekara ta zagayo ruwanka bai taɓa haura digiri 28 ba, famfonka bai taɓa kwana a kashe ba, to nemi derasa ta gona mai takarda, guda ɗaya tak. In kuwa littafin ya nuna akasin haka, ka bar ta a tekunta.